Ɗan Biri a Bakin Hanya: Ina Tausayi Ya Kamata Ya Kai Mu?

Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyin ƙasarmu, musamman waɗanda suka ratsa daji, ba zai rasa ganin abin da zan faɗa ba. Mota takan rage gudu saboda rami ko shinge, sai ga yaro ya fito daga gefen hanya yana ɗaga wani abu sama domin matafiya su gani. Wani lokaci ƙyafaffiyar gafiya ce, wani lokaci zabin daji. Amma wata rana ɗan biri ne mai rai, an ɗaura masa igiya a ƙugu, ya ƙanƙame hannun yaron da hannu da ƙafa, idanunsa sun firfito don tsoro. Idan akwai ƙaramin yaro a cikin motar, na san abin da zai ce: "Baba, ka saya mana shi mana, ka ga yana rawar jiki." Uban kuwa, in mai taushin zuciya ne, kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya kai aljihu.

Ya saya ko kada ya saya? Tambayar tana kama da ƙaramar magana, amma in muka bi ta a hankali za ta kai mu ga babbar tambaya, watau mene ne hakkin da dabbar daji take da shi a kanmu sa'ad da ta ji rauni ko ta rasa uwa, kuma yaya za a sauke wannan hakki ba tare da an cuce ta ba, ba tare da an cuci mutum ba.

Mu fara da tambayar da matafiyi ba ya yi. Daga ina ɗan birin nan ya fito? Uwar biri ba ta ajiye jaririnta a ƙasa ta tafi neman abinci. Yana manne da cikinta ko bayanta duk inda ta shiga, dare da rana. Yawanci hanyar da ake raba su ita ce a harbe uwar. Maharbi yakan tsince shi a jikin gawarta yana nan a maƙale, ya ga ba shi da naman kirki, sai ya ba yaro ya kai bakin hanya. Ashe maraicin nan ba daga sama ya faɗo ba. Hannun ɗan Adam ne ya yi shi.

Wannan ya kawo mu ga wani bambanci da ya kamata mu riƙe. Idan zaki ya kama barewa a daji, ba mu da hurumin shiga tsakani, ko da kukan barewar ya sosa mana rai, gama zakin ma yana da 'ya'ya masu jiran abinci, kuma haka Mahalicci ya tsara zaman daji. Wanda ya ce zai hana kowace dabba cin 'yar'uwarta ya ɗauko aikin da ba nasa ba. Amma barewar da tarkon waya ya yanke wa ƙafa, da 'ya'yan tsuntsun da wutar da muka cinna wa daji don neman gafiya ta kora daga sheƙarsu, da ɗan giwar da aka kashe uwarsa saboda haure, waɗannan maganarsu dabam ce. A nan taimako ba kyauta ba ne da za mu yi in mun ga dama, mu jira godiya. Bashi ne muke biya, ko da ba mu ne muka ɗana tarkon da hannunmu ba. Tun a Attaurar Musa an hana wanda ya sami sheƙar tsuntsu ya kwashe uwa da 'ya'ya gaba ɗaya, an ce ya saki uwar. Watau tun dā an san cewa ikon da aka ba mutum a kan halitta yana da iyaka.

Domin mu ga yadda biyan wannan bashi yake a aikace, sai mu leƙa ƙasar Kenya, inda aka daɗe ana fama da shi. Tsakanin shekarun 1970 da 1980 masu farautar haure sun yi wa giwayen Afirka mummunar ɓarna, har ta kai a 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin hauren giwa tsakaninsu. A shekarar ne kuma Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a Nairobi don duniya ta shaida. Ɓarnar ta sake dawowa daga baya, gama wata babbar ƙidaya da aka fitar da sakamakonta a 2016 ta nuna cewa giwayen saheli da na fili sun ragu da kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2014 a ƙasashen da aka ƙidaya. Duk giwa mai shayarwa da aka kashe kuwa takan bar maraya.

Wata mace mai suna Daphne Sheldrick, wadda aka haifa a Kenya a 1934, ta rasu a 2018, ita ce ta ba da rayuwarta ga waɗannan marayu. Mijinta, David Sheldrick, shi ne mai kula na farko da gandun dajin Tsavo ta Gabas, kuma a gidansu ne ake ta kawo 'ya'yan dabbobin da aka tsinta. Manyan 'ya'yan giwa da suka fara cin ciyawa sukan rayu. Jarirai kuwa mutuwa suke yi ɗaya bayan ɗaya, duk da ƙaunar da ake nuna musu. Dalili shi ne, ɗan giwa yana dogara ga nonon uwa har wajen shekara biyu, kuma cikinsa ba ya iya narkar da maiƙon da ke cikin nonon saniya. Wanda ya ba shi nonon saniya don tausayi ya sa masa gudawar da za ta kashe shi. Sai da matar nan ta yi kusan shekara 28 tana gwadawa, tana binne waɗanda suka mutu, kafin ta tabbatar da haɗin da ya dace, watau madarar gari irin ta jariran mutane da aka haɗa da man kwakwar Attagara.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Kyakkyawar niyya tana nan tun ranar farko, amma ba ta ceci ko jariri ɗaya ba sai da sani ya zo ya same ta. Mu da muke saurin cewa "ai Allah ya ga zuciyata" ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani. Lalle ya ga zuciya, amma ya ba mu hankali kuma, zai kuwa tambaye mu yadda muka yi da shi.

Darasi na biyu ya fi na farko ciwo. A 1974 aka kawo mata wata jaririyar giwa daga yankin Marsabit, ta sa mata suna Aisha. Ita ce ta farko da sabon haɗin madarar ya karɓa, ta yi ta girma har kimanin wata shida. Daphne ce uwarta, ita ke ba ta madara, ita take bi duk inda ta sa ƙafa. Sai hidimar auren 'yarta ta taso, ta yi tafiya ta 'yan kwanaki, ta bar Aisha a hannun wani mai kula. Jaririyar ta ƙi cin abinci, ta shiga baƙin ciki, kafin uwar riƙon ta dawo jikinta ya riga ya lalace, ta kuwa mutu. Daphne ba ta ɓoye wannan labari ba. Ta sha faɗa cewa kuskurenta ne, domin ta bar jaririyar ta rataya ranta ga mutum ɗaya, alhali a daji ɗan giwa yana tashi ne a tsakiyar iyaye mata da yayye masu yawa.

Bayan rasuwar mijinta a 1977 ta kafa gidauniya da sunansa, aka buɗe gidan renon marayun giwaye a gefen gandun dajin Nairobi. Abin da Aisha ta koyar shi ne ya zama doka a wurin. Masu reno maza ne 'yan ƙasar, suna ba jariran madara kowane awa uku, dare da rana, suna lulluɓe su da bargo saboda sanyi, suna kwana tare da su a ɗaki ɗaya. Amma ana juya su, wanda ya kwana da wannan jariri yau gobe da wani zai kwana, domin kada jaririn ya ɗauki mutum ɗaya a matsayin dukan duniyarsa. Idan sun yi ƙwari sai a kwashe su zuwa yankin Tsavo, inda suke yini a daji suna cuɗanya da giwayen da ba su taɓa sanin hannun mutum ba, su dawo da yamma. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru, wani har wajen shekara goma, sai wata rana giwar ta ƙi dawowa. Ranar nan ce ranar da masu renon suka yi wa aiki tun farko. An rena fiye da 300 ta wannan hanya, kuma waɗanda suka koma daji sun haifi 'ya'ya fiye da 50 da aka sani. Wasu daga cikin iyayen sukan zo da sabon jaririnsu wurin da aka rene su, su tsaya a gaban tsofaffin masu renonsu na ɗan lokaci, sa'an nan su juya su koma.

Ina ganin a nan ne ma'aunin yake. Taimakon dabbar daji ya yi kyau idan ya ƙare da ranar da ba ta bukatarmu. Duk taimakon da ya ƙare da igiya a ƙugu, ko keji a tsakar gida, ko biri sanye da riga yana rawa a kasuwa, to, ba dabbar aka taimaka ba, sha'awar mai ita aka ciyar. Ba sai na faɗa ba, wannan magana ba ta tsaya ga dabbobi kaɗai ba. Akwai masu riƙon marayun mutane da ba sa so su ga ranar da marayan zai tsaya da ƙafarsa, domin a ranar za su rasa mai yi musu durƙuso. Amma wannan zance ne na wata rana.

Yanzu sai mu saurari mai ƙorafi, gama yana da magana mai nauyi, kuma na san da yawa daga cikin masu karatu tana bakinsu. Zai ce: "Malam, a unguwarmu akwai jariran da uwayensu ba su da kuɗin madara. Akwai marayun da rikici ya bari a sansanin gudun hijira. Kai kuma kana ba mu labarin giwa mai bargo, mai shan madara kowane awa uku? Ashe giwa ta fi ɗan mutum?" Manomin da ke zaune kusa da gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi zai ƙara da nasa. Shi ya san giwa ba a hoto ba. Ya san yadda garke ɗaya yake shiga gona da dare, kafin gari ya waye dawar shekara guda ta zama tattaka. A wurinsa, ɗan giwar da aka ceta yau shi ne ɓarawon hatsin gobe.

Ba daidai ba ne a amsa wa waɗannan mutane da murmushi, kamar su ne marasa tausayi. Ikilisiya ma ba ta yi musu haka ba. Katikisim na Ikilisiyar Katolika da aka fitar a 1992, a inda ya yi bayani a kan doka ta bakwai, ya ɗora abu biyu kusa da juna a sakin layi guda. Ya koyar cewa sa dabba ta sha wahala ko ta mutu ba gaira ba dalili ya saɓa wa darajar ɗan Adam. Nan take kuma ya koyar cewa bai dace a kashe wa dabbobi kuɗin da ya kamata a fara kai wa ga rage wahalar mutane ba, kuma ƙaunar da ta cancanci mutum kaɗai ba a karkatar da ita ga dabba. Saboda haka idan kwano ɗaya ne na madara a hannunka, ga jaririn mutum ga jaririn barewa, babu wata muhawara. Wanda ya yi jinkiri a nan, lissafinsa ya ɓace.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa rayuwa take kawo mana zaɓin a wannan siffa? Yawancinmu da muke cewa "mutane na yunwa" sa'ad da aka ambaci dabba, ba mu ɗauki kuɗin da muka hana dabbar mun kai wa mayunwacin ba. Mun mai da shi aljihu ne kawai. Talaka ya zama garkuwar da muke ɓuya a bayanta don kada a tambaye mu kome. Na kuma lura, kamar yadda iyayenmu suka lura tun kafin mu, cewa yaron da ya saba fasa kan ƙadangare da danƙo don wasa ba shi ne yakan fi jin tausayin ƙanensa ba. Zuciya ɗaya ce take yin duka biyu. Marigayi Paparoma Faransis ya nanata wannan a wasiƙarsa ta Laudato Si' a 2015, inda ya nuna cewa wanda ya saba da muguntar halitta ba zai daɗe ba muguntar ta kai ga ɗan'uwansa mutum.

Daɗin daɗawa, inda aka yi aikin da hankali, sau da yawa ribar dabba da ta mutum sukan bi hanya ɗaya. A arewacin Kenya, makiyayan Samburu sun buɗe nasu gidan renon giwaye mai suna Reteti a 2016, su ne masu shi, 'ya'yansu maza da mata ne ma'aikatansa. Da yawa daga cikin marayun da suke karɓa ba maharbi ne ya yi su ba, rijiyoyin da makiyaya suka haƙa a busasshen rafi ne suka faɗa ciki da dare, garken ya gaji da ƙoƙari ya tafi. Wannan ya nuna mini cewa maganar bashi da na yi a baya ba ta ƙare zancen ba, gama makiyayin da ya haƙa rijiya don shanunsa bai yi laifi ba. Duk da haka, wa zai leƙa rijiya ya ga mai rai yana nishi ya juya baya? Ubangijinmu da kansa ya kafa hujja da cewa ko a ranar Asabbaci mutum yakan ciro dabbar da ta faɗa rami, bai kuwa ga bukatar ya ba da dalili ba. A 2020, da annobar korona ta sa samun madarar gwangwani ya yi wuya, mutanen Reteti suka gwada nonon awaki ya karɓi jariran, suka shiga saye daga hannun matan makiyaya. Kuɗin madarar giwa ya zama kuɗin makarantar yara.

Manomi ma ba a bar shi da haƙuri kawai ba. Bincike a Kenya ya tabbatar da abin da mutanen karkara suka daɗe da sani, cewa giwa tana tsoron ƙudan zuma. Wata masaniya, Dokta Lucy King, ta gina dabara a kan wannan: a kewaye gona da amya da aka rataya, a haɗa su da waya, in giwa ta taɓa wayar amyoyin su girgiza, ƙudan su fito. Gona ta tsira, manomi ya sami zuman sayarwa. Ba ta hana kowace giwa, amma ta rage ɓarna ƙwarai. Wannan ya tuna mini da labarin da ake bayarwa na Waliyyi Faransis na Assisi, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana a 1979 a matsayin majiɓincin masu kula da muhalli. An ce wani kyarkeci ya addabi garin Gubbio, Waliyyin ya shiga tsakani. Abin da nake so a labarin shi ne bai ce wa mutanen garin tsoronsu banza ne ba, bai kuma ce kyarkecin ba ya jin yunwa ba. Ya ɗauki kukan kowa da muhimmanci. Duk mai son giwa da bai damu da rumbun manomi ba, bai kama hanyar Faransis ba tukuna.

To, mu koma bakin hanya, inda muka bar uba da hannu a aljihu. A nan ƙasarmu ma akwai waɗanda suka yi shekaru suna fuskantar wannan tambaya. A Kalaba, wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, sun kafa wurin renon marayun wani irin biri da ake kira diril a 1991. Ɗan'uwan gwaggon biri ne, mai baƙar fuska da guntuwar wutsiya, kuma a duk duniya ba a samunsa sai a Jihar Kuros Riba, da kudu maso yammacin Kamaru, da tsibirin Bioko. Daga baya suka buɗe babban wuri a gindin dutsen Afi, inda birai suke zaune garke garke a cikin kurmi. Suna da ƙa'ida guda da ba sa karyawa: ba sa sayen dabba. Suna karɓar wadda mai ita ya miƙa da kansa, ko wadda hukuma ta ƙwace, amma ko kwabo ba sa biya.

Dalilin a fili yake, ko da yake yana da ɗaci. Ranar da ka biya kuɗin ɗan biri, ka koya wa maharbi cewa jariri ya fi nama tsada. Gobe ba zai jira tsautsayi ya haɗa shi da mai goyo ba, ita zai fita nema. Ka ceci ɗaya, ka yi odar goma. Garin neman gira ke nan aka rasa ido. Bayan haka, shi wanda ka saya ɗin me zai zama? Zai yi ban sha'awa wata shida. In ya girma haƙoransa za su fito, zai ciji yaro, sai a ɗaure shi a gindin mangwaro shi kaɗai har ya haukace ko ya mutu, gama biri dabbar jama'a ce kamar mu. Ga kuma cututtukan da ke tsallakowa daga namun daji zuwa mutane ta cizo ko yaƙushi ko taɓa jini. Ga doka, domin tun 1985 Nijeriya take da dokar da ta hana kamawa da cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Ba zan yaudare ku ba, 'yan'uwa. Idan uban nan ya ƙi saye, mai yiwuwa ne wannan ɗan biri, shi wannan da yaron ya gani da idonsa, ya mutu cikin mako guda. Babu wani lissafi da zai share wannan, kuma wanda bai ji nauyinsa ba ban yarda da hukuncinsa ba. Amma a ganina ƙin sayen shi ne daidai, muddin ba a tsaya a nan ba. Akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya ɗaga gilashi ya wuce da wanda ya tsaya ya yi magana. Ana iya roƙon mai dabbar ya ba da ita kyauta don a kai ta inda za a kula da ita. Ana iya sanar da ma'aikatan gandun daji ko ofishin kula da daji na jiha ko na ƙaramar hukuma. Likitan dabbobi mafi kusa yakan san inda ake kai irinsu.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan yawa a ƙauyukanmu, shi ne ɗaukar wanda ba maraya ba. Gada da barewa sukan ɓoye jaririnsu a cikin ciyawa su tafi kiwo, su dawo su shayar da shi lokaci lokaci. Kwanciyarsa shiru shi kaɗai ita ce kariyarsa. Yaro ya je itace ya gan shi, ya sungumo shi zuwa gida yana murna ya ceci maraya, alhali shi ne ya mai da shi maraya a wannan sa'a. Haka ɗan tsuntsun da gashinsa ya fito, yana tsalle a ƙasa yana koyon tashi, iyayensa suna kan reshe suna kallo. In ba a ga jini ko karaya ba, in ba a ga gawar uwar ba, abin da ya fi shi ne a ja da baya a duba daga nesa, a kore kare, a dawo bayan wasu awoyi. In kuwa rauni ya tabbata, a rufe dabbar da zane, a sa ta a kwali mai huji a wuri mai duhu da shiru, kada a ɗura mata ruwa ko nono a baki da ƙarfi domin yakan wuce huhu, sa'an nan a nemi wanda ya san aikin.

Saura yaron da ke cikin mota, wanda har yanzu yake jiran amsa, hawaye sun cika masa ido. Kada uban ya ce masa, "Rufe mini baki, ai dabba ce kawai," gama abin da ya motsa a zuciyar yaron nan abu ne mai kyau, kuma in aka tsawata masa sau biyu sau uku ba zai ƙara motsawa ba, ko don dabba ko don mutum. Gara ya juyo ya ce masa, "Ɗana, ka tambayi yaron can ina uwar birin take." Sa'an nan ya bar shi ya ji amsar da kunnensa.